Tsohuwar Rembrandt a Samaru: tambayoyi da amsoshi kan koyon zanen fuska da fentin mai

Duk wanda ya shigo ɗakin da nake aiki a Samaru, kafin ya samu wurin zama idonsa ya riga ya sauka kan wata tsohuwar Baturiya da ke jingine da bango. Ba ɗaya ba ce, huɗu ne, kuma duk fuska ɗaya: ta farko kamar an ba ta tsoro, ta biyu kamar ta tashi daga zazzaɓi, sauran biyun ne suka fara kama da mutum. Daga nan tambaya take ɓarkewa. Ɗalibai suna yi, maƙwabta suna yi, har mai kawo mini ruwa ya taɓa yi. Ga waɗanda aka fi maimaitawa, da abin da nake amsawa.

Wace ce wannan tsohuwa, wa kuma ya fara zana ta?

Aikin Rembrandt ne, mai zanen ƙasar Holan da aka haifa a Leiden a 1606, ya rasu a Amsterdam a 1669. Ya zana ta a 1634 yana ɗan shekara 28, ita kuma tana da 83, domin ya rubuta shekarunta a jikin zanen, ya sa hannu, ya rubuta shekarar. Masana sun ce sunanta Aechje Claesdr, mutuniyar Rotterdam. Zanen yana gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Landan. A kan katako aka yi shi, mai siffar ƙwai, tsayinsa kamar santimita 71, faɗinsa kamar 56. Ba wani tarkace a ciki: baƙar riga, farar hula, wani faffaɗan farin abin wuya mai ninki-ninki irin na matan zamanin, sai fuska. Wannan ƙarancin kaya shi ya sa na zaɓe ta. Mai koyo ba shi da wurin ɓuya.

Kwaikwayon aikin wani ba sata ba ne?

Almajirin da ke kwafar rubutun malaminsa a allo ɓarawo ne? Yaron maƙeri da aka ce ya ƙera lauje irin wanda ke gabansa fa? Haka sana'ar zane take tun asali. Yaran Rembrandt da kwafar aikinsa suke farawa. Manyan masu zanen Turai ma haka suka yi. Rubens, bayan ya riga ya yi suna, ya zauna a Madrid a 1628 yana kwafar zanen Titian ɗaya bayan ɗaya. Degas ya daɗe yana zuwa gidan adana zane-zane na Louvre a Paris yana kwafa. Van Gogh ya kwafi Millet har a shekarunsa na ƙarshe.

Sata tana shigowa ne ranar da ka ce naka ne, ko ka ce na asali ne. Ka rubuta a bayan allon cewa kwafi ne daga Rembrandt, ka sa sunanka da shekara, kada kuma ka kwaikwayi sa hannunsa. Shi ke nan.

To me ya sa tsohuwa? Ai da budurwa ce da an fi son kallo.

Wannan ita ce tambayar da na fi so. Fuskar budurwa santsi gare ta. Kumatu sun rufe ƙashi, launi yana zamewa daga haske zuwa inuwa ba tare da an ga inda ya juya ba. Mai koyo in ya tunkare ta sai ya yi ta shafa yana gogewa har ya samu wani abu mai sheƙi kamar 'yar tsana, mutane su ce ya yi kyau, shi kuwa bai koyi komai ba. Kuma kuskure kaɗan a fuskar yarinya yakan ƙara mata shekara goma.

Tsohuwa kuwa shekaru sun riga sun yi maka rabin karatun. Nama ya janye, ƙashi ya fito: ga ramin ido, ga tudun kunci, ga karan hanci, ga inda muƙamuƙi ya haɗu da wuya. Kamar tsohon gini ne a cikin birni da yaɓe ya zube, kana ganin yadda aka jera tubali. Wanda ya zana fuskar tsohuwa da gaske ya san yadda aka gina kan ɗan Adam, kuma wannan sanin zai bi shi zuwa kowace fuska.

Sannan akwai launi. Ka matso da hoton tsohuwar nan ka dubi gefen idonta: akwai ja-ja a bakin fatar ido, akwai ruwan ɗorawa a goshi, akwai toka-toka a inda fata ta juya daga haske, akwai ruwan hoda a kunci da kan hanci. Rembrandt bai narkar da su wuri guda ba, ajiye su ya yi kusa da juna, kowane da shatin buroshinsa. Daga nesa suke haɗuwa su zama fata. Fuska ɗaya, darasi goma.

Akwai kuma abin da ba na fasaha ba. Fuskar tsohuwa ba ta karɓar yabon ƙarya. In ka gyara ta, ka ɓata ta.

Dole sai ita? Babu wasu?

Akwai. Shi kansa Rembrandt ya zana Margaretha de Geer wajen 1661, tana nan Landan, amma hannunsa a lokacin ya saki ƙwarai, mai koyo zai ɓata hanya. Akwai tsohuwa mai karatu da ya zana a 1631, a gidan adana zane na Rijksmuseum da ke Amsterdam, ga mai son koyon zanen hannu. Velázquez na Sifen ya zana tsohuwa tana suyar ƙwai a 1618, bai kai shekara 20 ba, zanen yana Edinburgh. Sai dai tukwane da kwanoni sun yi yawa, za su ɗauke maka hankali daga fuska. Uwar Whistler, mai zane Ba'amurke, wadda ya zana a 1871, tana Paris, amma a gefe take zaune, fuskar ƙarama ce. Ka fara da mai fuskantarka.

Ban taɓa riƙe buroshi ba. In faɗa kawai?

A'a. Ka yi wata ɗaya ko biyu da fensir da gawayi tukuna. Ka zana ƙwai a kan farin ƙyalle kusa da taga, ka zana tulu, ka zana hannunka na hagu. Sannan ka zana tsohuwar da gawayi sau uku. Fenti ba ya gyara zanen da ya karkace, ƙara masa tsada kawai yake yi.

Waɗanne kaya zan nema?

Kala biyar sun isa, kuma ga sunayen da za ka gani a jikin tub: Titanium White, fari, Yellow Ochre, ruwan ƙasa mai ɗorawa, Burnt Umber, wato omba, mai duhu irin na makuba, Ivory Black, baƙi, sai ja guda ɗaya, Cadmium Red ko Venetian Red. In kuɗi ya ragu ka ƙara Burnt Sienna, wato siyena, wanda ya yi kama da jan ƙasar hanyar ƙauye. Kada ka sayi akwatin nan mai kala ashirin da huɗu. Rembrandt da launukan ƙasa ya yi yawancin aikinsa, kuma Anders Zorn na Suwidin ya yi suna da haɗa fata daga kala huɗu: fari, baƙi, ja da ruwan ƙasa. Baƙi in ya haɗu da fari yakan ba da toka mai sanyi wadda kusa da ja sai ido ya ɗauke ta shuɗi. Ka gwada, gani ya kori ji.

Farin da Rembrandt ya yi amfani da shi na darma ne, yana da dafi, ba ruwanka da shi. Farin titaniyom ya fi shi ƙarfi, don haka kaɗan-kaɗan ake tsoma shi.

Buroshi huɗu masu tauri, manya biyu matsakaita biyu, da ƙarami ɗaya mai laushi wanda za ka ɓoye wa kanka sai ranar ƙarshe. Man linsid da ake haɗa fenti da shi ƙaramar kwalba, tafentin ko farin sifirit na tsinka fenti, wuƙar haɗa fenti, gilashi ko tsohon tayil don haɗa kala, da tsumma mai yawa. Masu sayar da kayan ɗalibai a Samaru sukan ajiye wasu daga ciki saboda sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, abin da babu kuma a yi saƙo Kaduna ko Kano. Ka matsa tub kafin ka biya. Wanda ya daɗe a shago cikin zafi yakan sandare.

Maimakon kyanbas, wato ƙyallen da ake zane a kai, ka je wurin kafinta ya yanka maka hadbod ko falankin filawud mai santsi. Ya fi araha, kuma ya fi kusa da katakon da aka yi na asalin. Ka goge da sanfefa, ka shafa geso, farin shafen da ake yi wa allo kafin fenti, sau uku gaba, sau ɗaya baya don kada ya lanƙwashe.

Fentin gida fa? Man gyaɗa ba zai maye linsid ba? Kananzir kuma ai ya fi sauƙin samu.

Man gyaɗa ba ya bushewa. Ko shekara ka ba shi yana nan da danƙo, ƙura da ƙananan ƙwari suna tarewa a kai. Fentin mai ba kamar wanki yake bushewa ba, wato ba ruwa ne ke tashi ba: man linsid ne ke shan iska yana daskarewa a hankali har ya zama fata. Man gyaɗa da manja da man kaɗanya ba su da wannan hali.

Fentin gida mai sheƙi yana malala, yana kamewa da wuri, ba ya riƙe shatin buroshi. Masu rubutun allon shago da masu zanen bayan tifa sun iya shi, kuma ina sara musu, amma wata sana'a ce daban. Kananzir a wanke buroshi da shi in babu yadda za a yi, a bi da sabulu da ruwa. Kada ya shiga cikin fenti.

Tun da an zo nan: ka buɗe taga in kana aiki da tafentin, kada ka ci abinci da hannu mai fenti, kuma tsumman da ya sha linsid kada ka dunƙule shi ka jefa a lungu. Yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta. Ka shanya shi a waje ko ka tsoma a ruwa.

A ina zan samu hoton da zan duba?

Shafin gidan adana zanen na Landan yana da shi, ana iya matso da shi har a ga shatin buroshi. Ka buga babba guda biyu, ɗaya mai kala, ɗaya baƙi da fari. Injin bugawa yakan ƙara ja ko ya cinye inuwa, saboda haka ka riƙa gwada takardar da abin da ke waya. Amma kada ka yi aiki daga waya kaɗai: haskenta daga ciki yake fitowa, fenti kuwa ba fitila ba ne, za ka yi ta bin wani fari da ba za ka taɓa kamawa ba.

Yaya ake farawa, daga farin allo zuwa fuska?

Abu na farko, kashe farin. Ka tsinka omba da tafentin ya yi ruwa-ruwa kamar shayi, ka shafe allon gaba ɗaya, ka goge da tsumma ya bar launin ƙasa mai haske. A kan farin allo kowace kala duhu take yi wa ido, sai ka yi ta ƙara fari ba dalili. Ka bar shi ya kwana biyu.

Sai awo. Ja layuka a kan hoton da ka buga su zama gida-gida, ka ja irinsu a allo, ka kwashe zanen gida bayan gida da gawayi ko siririn omba. Wasu suna ganin wannan ragwanci ne. Ni ina ganin mai koyon keke ba ya jin kunyar a riƙe masa sirdi. A kwafi na biyu sai ka rage layukan, a na uku ka auna da tsinken buroshi da ido kawai. Abin da za ka sa wa ido: idanu suna tsakiyar kai ne, ba sama ba, kuma kusan kowane sabon hannu yakan rage goshi ya ƙara girman ido.

Mataki na uku shi ne wanda mutane ke son tsallakewa, kuma shi ne aikin. Za ka zana fuskar duka da omba da fari kawai, babu ja, babu ɗorawa. Masu zanen Holan suna kiran wannan matacciyar kala. Ka runtse ido ka dubi hoton har ƙananan abubuwa su ɓace, ya rage fili uku: inda haske ya sauka, inda inuwa take, da tsakani. Ka shimfiɗa waɗannan ukun da babban buroshi. In ka ja baya taku biyar ka ga tsohuwa tana fitowa daga duhu alhali ba ka yi mata ƙwayar ido ba, kana kan hanya. In ba ta fito ba, kala ba za ta fito da ita ba. Ka sa wuƙa ka kankare.

Bayan ya bushe sai launi. Ka haɗa kala biyar ko shida na fata a gilashi kafin ka taɓa allo, daga mai duhu zuwa mai haske. Inuwa siririya ake sa ta, har launin ƙasan ya riƙa leƙowa; haske kuwa da kauri, kamar ana yaɓa shi. Ka fara daga duhu ka nufi haske. Ka ajiye shafa ɗaya, ka bar ta, ka ajiye wata kusa da ita. Hannu zai yi ta ƙaiƙayin gogawa. Ka hana shi.

Doka guda da ba a karyawa: mai maiƙo a kan maras maiƙo. Shafen farko da tafentin, na gaba da ɗan linsid, na sama ya fi kowane mai. In ka juya, na sama zai bushe kafin na ƙasa, bayan wani lokaci ya tsattsage kamar bakin tafki a bazara.

Tamoji ne suke ba ni wahala. Yaya ake yin su?

Ga tsohuwata ta farko can, wadda na ce kamar an ba ta tsoro. Na ɗauki ƙaramin buroshi na tsoma a baƙi, na bi kowane layin fuskarta ɗaya bayan ɗaya, kwana uku ina yi, ina jin kaina. Na ɗauka na kai wa wani dattijon mai zane da nake zuwa wurinsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Ɗana, wanzamin da ya yi mata wannan tsagar, a ina yake aski?” Yaran da ke wurin suka fashe da dariya. Ya tsoma babban yatsa a tsumma ya shafe rabin goshin da shafa ɗaya, ya ce in ja baya. Ɓangaren da ya goge ya fi kama da ita.

Tamoji ba layi ba ne, kunya ce irin ta gona. Akwai gefen da ke kallon rana, akwai gefen da ya juya mata baya, akwai kwari a tsakani. Gefe ɗaya kaifi gare shi, ɗayan a hankali yake narkewa. Kwarin kuma ba baƙi ba ne, ja-ja ne mai ɗumi, don jini yana ƙarƙashin fata. Sannan ba dukansu ake zanawa ba. Ka zaɓi manyan: wanda ya sauko daga gefen hanci zuwa baki, jakar ƙarƙashin ido, ninkin tsakanin gira. Sauran ka bar shatin buroshi ya faɗe su. In siffar kai ta zauna, tamoji biyar sun ishe ta shekara 83.

Farin abin wuyan nan fa, mai ninki kamar ba iyaka?

Ka ɗauke shi kamar faifai ne aka ɗora kai a kansa: gefe ɗaya haske, gefe ɗaya inuwa, kuma yana mayar da haske zuwa ƙarƙashin haɓa. Ka fara da toka, farin gaske sai a wurare ƙalilan. Ninkin ka yi su daga baya, kada ka ƙirga.

Fatar ta fito mini kamar alli. Wani lokaci kuma kamar laka.

Alli daga yawan fari ne. Duk lokacin da ka ƙara fari launi yana sanyi yana mutuwa, don haka ka bi shi da ɗigon ɗorawa ko ja. Laka kuwa daga abu biyu: buroshi ɗaya da ya shiga haske ya shiga inuwa, da yawan dama fenti a kan allo. Ka ware buroshin haske daban, na inuwa daban, ka riƙa gogewa a tsumma. Wuri in ya lalace kada ka yi ta ƙara masa, kankarewa ta fi.

Kwana nawa yake bushewa? Kuma yaya zan yi da ƙurar hunturu?

Ya danganta da kala da kauri. Omba takan kame cikin kwana ɗaya ko biyu; baƙi da ja da fari mai kauri sukan kai mako. Da damina, musamman Agusta da laima ke cika ɗaki, komai jinkiri yake yi. Banish kuwa, wato shafen ƙarshe da ke kare zane, sai bayan wata shida aƙalla.

Ƙura ita ce abokiyar gabar mai fentin mai a garin nan. Tsohuwata ta biyu a Janairu na yi ta. Na gama kunci da yamma, na bar ta a tsaye tana fuskantar taga, na manta ban rufe ba. Da safe na iske fuskar ta yi gari-gari kamar an barbaɗa mata ƙuli. Na ce bari in share da tsumma, nan na ƙarasa ta. Tun daga ranar, in na tashi aiki nakan juya allon ya fuskanci bango a jingine, sama ya taɓa bango ƙasa ya ja baya, ko in kifa babban kwali a kai ba tare da ya taɓa ba. Ina yayyafa ruwa a ƙasa kafin shara, kuma ba na shara ranar da fenti yake ɗanye. Kada ka sa shi a rana don ya yi sauri, katakon zai lanƙwashe. Kada kuma ka kulle shi a duhu tsawon watanni, linsid yakan yi ɗorawa.

Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, ƙwan fitila kuma yana canza kala. Ka yi aiki da hasken rana a lokaci guda kullum. Ni daga hantsi zuwa azahar nake yi.

Malam, zanen mai rai ba haramun ba ne?

Ana yi mini wannan tambaya da yawa, kuma ba na ɗaukarta da wasa. Akwai hadisai masu tsanani a kan masu yin surori. Malamai sun yi maganganu a kan abin da suka ƙunsa. A mazhabar Malikiyya an bambanta sura mai jiki mai inuwa, irin gunki, wadda aka haramta in cikakkiya ce, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango, wanda aka sanya a babin karhanci. Wasu malaman sun hana duka biyun, wasu kuma sun yi magana a kan surar da ba ta cika ba. Ni mai zane ne, ba mai fatawa ba. Ka je wurin malamin da ka yarda da iliminsa ka faɗa masa ainihin abin da kake yi da dalilin yin sa. In zuciyarka ba ta natsu ba, duk abin da na faɗa a sama yana aiki a kan tulu, ƙwarya, rawani a kan kujera, ko bakan gizon Masallacin Juma'a na cikin birni da Babban Gwani Mika'ilu ya gina. Haske da inuwa ba su san mai rai da maras rai ba.

A Zariya aka yi tawaye ga koyarwar Turawa. Kwafar Bature ba komawa baya ba ce?

Ɗaliban jami'a ne suka fi jefo wannan, kuma suna da hujja. A 1958, lokacin makarantar tana Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, kafin ta zama jami'a a 1962, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ƙorafinsu shi ne ana koya musu zane kamar a Ingila suke, ba a ko waiwayar abin da iyayensu suka gada.

Amma a duba abin da suka yi. Ba su zubar da fentin mai ba, ba su daina zuwa ajin zanen jiki ba. Cewa suka yi a ɗauki dabarar da aka koya a haɗa ta da na gida. Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo da mata ke yi a jiki da bango, Onobrakpeya ga tatsuniyoyin Urhobo, Grillo ya zana matan Yarabawa cikin shuɗin da aka san shi da shi. Kowannensu ya iya awo da inuwa kafin ya karkata. Inda zan yarda da mai tambaya shi ne in mutum ya shekara goma yana kwafar Turawa bai taɓa ɗaga kai ya dubi mai tallar fura a ƙofar gidansu ba. Wannan kam ya yi zaman dirshan a zaure bai shiga gida ba.

Kwafi nawa zan yi kafin in bar ta?

Uku. Na farko don ka san ba ka iya ba, na biyu don siffa, na uku don launi. Na huɗun da kuke gani taurin kai ne.

Launin fatarta ba irin namu ba ne. Abin da na koya zai yi aiki a kan fuskar Bahaushiya?

Ginin kai ɗaya ne, dokar haske ɗaya ce, amma haɗin kala sai ka sake lale. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki haɗin Baturiya a zuba masa baƙi. Abin da ke fitowa toka ce ta murhu. Fatarmu daga siyena da omba da ja ake gina ta, fari kaɗan ƙwarai. Kuma tana da wani hali da farar fata ba ta nuna shi sosai: tana ɗaukar launin abin da ke kewaye da ita. Goshi da kunci sukan ɗauko shuɗin sama, ƙarƙashin haɓa ya ɗauko jan ƙasar tsakar gida ko launin mayafi. A nan za ka bukaci ƙarin shuɗi guda ɗaya a gilashinka. Tazarar da ke tsakanin ƙyallin goshi da inuwar wuya ma ta fi faɗi.

Rembrandt ba zai koya maka wannan ba. Sai ka nemi tsohuwa ta gida.

Kai ka nema?

Kakata ta wajen uwa, a Tudun Wada. Na kai mata kwafi na uku don in yi mata bayani. Ta riƙe shi nesa da ido, ta juya shi, ta ce, “Wannan baiwar Allah ciwon wuya take yi aka ɗaura mata faifai?” Na ce ado ne na zamaninsu. Ta ce Allah ya kyauta. Sannan ta ƙara dubawa ta ce, “Amma ta ga duniya. Ta binne 'ya'ya, ka gani a bakinta.” Ban san ko haka ne ba, ni dai wata uku ina kallon bakin nan ban ga komai ba sai siyena da toka.

Da na ce ita nake so in zana, sai ta ce, “Kai, mijin banza, ka rasa abin da za ka kawo mini sai aiki? Ina goro?” Na kawo goro. Ta kafa sharaɗi: ba za ta cire mayafi ba, ba za a rataye ta a inda baƙi ke shiga ba, kuma in an kira la'asar an tashi. Muka zauna a bakin rumfa, haske yana shigowa ta hagu. Ba ta iya minti biyar ba motsi. Ko ta kori kaza, ko ta ƙwala wa jika kira, ko ta juyo ta tambaye ni yaushe zan yi aure. Ta Landan ba ta taɓa yi mini haka ba.

A zama na huɗu ta gyangyaɗa, carbi a hannu, haɓa ta sauka kan ƙirji. Na samu kusan rabin awa. A nan na ga kore-kore a gefen kuncinta, daga ganyen darbejiyar da ke tsakar gida, na rasa yadda zan haɗa shi da kala biyar ɗin da na zo da su. Na gwada baƙi da ɗorawa, ya kusa. Ina cikin dama shi ta buɗe ido ɗaya ta ce, “Ka rage mini hancin nan, tun daga nan ina hango shi.”